Garu Ba Ya Ginuwa da Nuna Yatsa

A tarurrukan majalisar dattawa, da na kwamitin kuɗi, da na ƙungiyoyin ikkilisiya, akwai wata 'yar gajeruwar kalma da ta fi kowace yawan fitowa daga bakinmu. Kalmar ita ce "su". In baiko ya ragu, su ne, jama'a sun yi rowa. In matasa sun watse, su ne, iyaye ba su yi tarbiyya ba. Iyayen kuwa in ka tambaye su sai su ce fasto ne, wa'azinsa ba ya riƙe yaro. Fasto ya ce dattawa sun ɗaure masa hannu, dattawa su ce hedkwata ce ta turo musu wanda bai dace ba, hedkwata ta ce ai ƙasar ce gaba ɗaya ta lalace. A tashi taro bayan sa'a huɗu, a yi addu'ar rufewa, kowa ya koma gida da zuciya fes, rufin majami'a kuwa yana nan yana yoyo a inda yake yoyo tun damina uku da suka wuce.

Zan faɗi maganar ba tare da kwana-kwana ba. Shugaban Kirista wanda babban aikinsa ya zama neman wanda zai ɗora wa laifi ya riga ya sauka daga shugabanci, ko da har yanzu shi ne ke zaune a kujerar gaba, shi ne kuma ke sa albarka a ƙarshen sujada. Da na ce shugaba, ba fasto kaɗai nake nufi ba. Ina nufin dattijo, da uwar Zumuntar Mata, da shugaban matasa, da malamar makarantar Lahadi, da mai koyar da mawaƙa, da maigida a cikin gidansa. Duk wanda Allah ya danƙa wa rai ko da guda ɗaya, maganar nan tasa ce.

Cuta ce tsohuwa

Wannan hali bai fara da zamaninmu ba. A sura ta uku ta Littafin Farawa, da Ubangiji ya tambayi Adamu abin da ya aikata, sai ya nuna matar, ya kuma tuna wa Allah cewa shi ne ya ba shi ita. Da baki ɗaya ya zargi matarsa, ya zargi Mahaliccinsa. Hawwa'u ita ma ta nuna maciji. Ashe ɗan fari da zunubi ya haifa shi ne tsoro, na biyun kuwa shi ne ture laifi. Mutumin da aka sa ya noma gonar Adnin ya kuma kiyaye ta, shi ne ya fara cewa ba shi ba ne.

Ku dubi Haruna a Fitowa sura 32. Musa ya daɗe a kan dutse, jama'a suka taso wa Haruna, shi kuwa ya karɓi 'yan kunnensu na zinariya, ya narkar, ya siffata ɗan maraƙi da hannunsa, ya gina masa bagade, ya yi shelar idi. Amma da Musa ya sauko ya tuhume shi, sai ya ce ai Musa ya san halin mutanen nan, masu son mugunta ne. Ya ƙara da cewa shi dai jefa zinariya ya yi a wuta, maraƙi ya fito. Babban firist na nan gaba yana bayanin gunki kamar naman kaza da ya tsiro da kansa bayan ruwan sama! Mukan yi dariya in mun karanta, amma sau nawa muka ji irin wannan a rahoton ƙarshen shekara? Kuɗin gini "sun salwanta", tsarin bishara "bai yiwu ba", rigima "ta taso". Ba wanda ya salwantar, ba wanda ya ƙi yi, ba wanda ya tayar. Maraƙi ne kawai ya fito daga wuta. A ranar kuwa mutum wajen 3,000 suka mutu.

Sarki Saul ya bi wannan sawu a 1 Sama'ila sura 15. Da annabi Sama'ila ya ji kukan tumaki da na shanun da aka umarta a hallaka, Saul ya ce sojoji ne suka ware su, don hadaya ma suka yi. Da ƙyar ya amsa laifi, amma ko a cikin amsawar sai da ya ce tsoron jama'a ne ya sa shi. Abin da ya fi damunsa a ƙarshe shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. A nan ne asirin ya tonu. Mai ture laifi martabarsa yake tsaro, garken kuwa ko oho. A wannan rana aka sanar da Saul cewa an yage mulki daga hannunsa.

Waɗanda suka tsaya a tsakiya

A cikin sura guda da Haruna ya zame, Musa ya koma gaban Ubangiji. Ba ya nan aka ƙera gunkin, yatsansa bai taɓa zinariyar ba. Duk da haka ya roƙi gafara domin jama'ar, har ya yarda a shafe sunansa daga littafin Allah in ba za a gafarta musu ba. Mai laifi ya ce ba ruwansa, marar laifi ya ce a sa shi a ciki. Wanne ne makiyayi a cikin su biyun, ba sai an faɗa ba.

Dawuda ma, da annoba ta sauka saboda ƙidayar da ya yi, mutum 70,000 suka faɗi, bai nemi Yowab ko marubutan fada ya ɗora musu ba. A 2 Sama'ila sura 24 ya ce shi ne ya yi zunubin, ya kira jama'ar tumaki marasa laifi, ya roƙa hukuncin ya koma kansa da gidan ubansa. Zunuban Dawuda ba su fi na Saul ƙanƙanta ba, wasu ma sun fi muni. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya nuna yatsansa sa'ad da asiri ya bayyana.

Amma wanda ya fi kowa koya mana wannan darasi dalla-dalla shi ne Nehemiya. Mutumin nan mai shayarwa ne a fadar Artashate sarkin Farisa, a Shushan, yana cikin rufin asiri da daraja. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa labarin cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinta kuma wuta ta cinye. Babilawa sun ci birnin kusan shekara 140 kafin wannan rana. Ba a ma haifi Nehemiya ba sa'ad da kakanninsa suka yi zunuban da suka jawo bauta. In akwai wanda yake da hujjar cewa "su ne", to, shi ne. Yana iya zargin Nebukadnezzar, ko sarakunan Yahuza na dā, ko waɗanda suka koma ƙasar tun shekaru da dama suka zauna cikin kufai. Amma a addu'arsa ta sura ta fari ya furta zunubin Isra'ila da bakin wanda yake ciki, har ya ambaci kansa da gidan ubansa. Daga nan ya roƙi tagomashi a gaban sarki, gama ya riga ya ƙudura cewa shi ne zai tafi.

A lura da wannan jeri da kyau. Wanda ya ce "mu" a cikin tuba shi ne yake iya cewa "mu" a cikin gini. Da ya isa Urushalima, ya kwana uku, ya fita da dare ya zaga garun da idonsa kafin ya yi wa kowa magana. Da ya tara shugabanni bai karanta musu jerin gazawarsu ba, ko da yake sun shekara da shekaru suna tsallake baraguzan nan. Ya nuna musu wahalar a matsayin wadda shi da su suke ciki tare, ya ce su tashi tare su gina.

Sura ta uku, wadda da yawa muke tsallakewa saboda sunaye, ita ce zuciyar littafin. Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa suka ɗauki Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya da masu haɗa turare, mutanen da hannunsu bai saba da dutse ba, suka ɗauki nasu yanki. Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, ya yi gini tare da 'ya'yansa mata. Malkiya, hakimi sukutum, shi ya gyara ƙofar da ake fitar da juji. Da yawa kuma suka gina daidai gaban gidajensu. Manyan Tekowa sun ƙi sunkuyar da wuyansu ga aikin, amma talakawan Tekowa ba su zauna suna ƙorafi a kan manyansu ba, sai suka gama yankinsu suka ƙara ɗaukar na biyu. Cikin kwana 52 aka gama garun da ya fi ƙarni guda a kwance. Mutanen ba su canja ba, duwatsun ma su ne na dā, maƙiya irin su Sanballat da Tobiya kuma suna nan suna ba'a. Abin da ya canja shi ne an sami shugaban da ya shiga cikin matsalar da ƙafarsa.

Akwai ƙari. A sura ta biyar talakawa suka yi kuka, domin sun jinginar da gonakinsu, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta saboda bashi. Nehemiya ya husata, ya tsawata wa masu arziki a gaban taro. Amma a tsakiyar tsawatawar ya bayyana cewa shi ma da 'yan'uwansa suna ba da rancen kuɗi da hatsi, ya ce dukansu su daina karɓar ruwa. Shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da doka ta ba gwamna ba, alhali mutum 150 suna ci a teburinsa. Da irin wannan ake sayen bakin tsawatawa. Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda ba ya son a zubo masa shara, bai kamata ya karɓi girman ba tun farko.

Amsa ga masu musu

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, ashe so kake a rufa wa mai laifi asiri? In ma'aji ya ci kuɗin baiko sai mu ce dukanmu muka ci? A'a, ko kaɗan. Akwai bambanci tsakanin laifi da nauyi. Laifi na wanda ya aikata ne, annabi Ezekiyel ya tabbatar da haka a sura ta 18 ta littafinsa, Natan kuma ya dubi Dawuda ido da ido ya ce masa shi ne mutumin. Ma'ajin da ya ci amana dole a kira sunansa, ya mayar, a yi masa horo bisa tsarin ikkilisiya. "Laifin kowa ne" a bakin munafuki wata hanya ce ta cewa ba laifin kowa ba ne, wannan kuwa shi ma ture laifi ne da ya sa rigar tawali'u. Amma bayan an hori ma'aji, tambaya tana nan a gaban majalisa: wa ya bar mutum ɗaya yana ƙirga baiko shi kaɗai a ɗaki? Wa ya yi shekara biyar bai nemi a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a ba? Wa ya ga alamu ya yi shiru domin mutumin ɗan garinsu ne? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisar da ta kori ɓarawo ta bar ƙofar a buɗe, ta shirya wa na gaba wuri ne kawai.

Wani kuma zai ce, kai fasto, ka manta da abin da ake yi mana? An ƙone majami'u, an kashe masu bi a gonakinsu, an kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok a watan Afrilu na 2014, a shekarar nan kuma hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan ta'adda. Wannan ma mu ne? Allah ya kiyaye in faɗi haka. Jinin waɗanda aka kashe yana wuyan waɗanda suka kashe su, hukumomin da suka kasa kare rayuka kuma za su ba da lissafi, wajibi ne mu ci gaba da faɗa musu gaskiya ba tsoro. Nehemiya bai taɓa cewa Sanballat abokinsa ne ba, ya sa masu tsaro dare da rana. Amma gwauruwar da ta gudo da 'ya'ya huɗu ta zauna a kangon da ke bayan majami'armu, nauyin wa ce? Wanda ya kashe mijinta ba zai biya wa yaranta kuɗin makaranta ba. In mun yi wa'azi mai zafi a kan maƙiya ranar Lahadi, ranar Litinin kuma yaran nan suna talla a tasha, to, fushinmu ya zama mafaka ce da muke ɓuya a ciki don kada aljihunmu ya taɓu.

Haka yake da maganar makarantu. Gaskiya ne a shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan da yawa, an kuma yi hasara. Amma shekara 50 ke nan. Yaron da ke ikkilisiyarmu yau wanda ba ya iya karanta Littafi Mai Tsarki ko da Hausa, alhali an fassara shi cikakke tun 1932, ba dokar gwamnati ce ta hana malaman da ke zaune a bencinmu su koya masa karatu da yamma ba.

Sai kuma ture laifi mafi haɗari, wato wanda ake naɗe shi da addu'a. Kasuwa ta karye, sai a ce hannun dangi ne. Yaro ya yi ciwo, sai a nuna wata tsohuwa a ce mayya ce. Ikkilisiya ta rabu, sai a ce Shaiɗan ne, a yi azumin kwana uku, amma mutum biyun da suka ƙi gaisawa su fito daga azumin ba su gaisa ba. Na gaskata akwai Iblis, Littafi ya faɗa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai wa'azin da ke koya wa mutane cewa kowace masifarsu wani ne ya jefo musu, yana raba iyali, yana jefa rayukan tsofaffi da marayu cikin haɗari, yana kuma toshe ƙofar tuba, gama wanda kullum shi aka zalunta ba shi da abin da zai tuba a kai. Wannan ba bishara ba ce, bokanci ne da ya riƙe Littafi a hannu.

Yadda manzanni suka yi

A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni ya tashi a ikkilisiyar Urushalima. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kowace rana. Rigimar harshe ce da asali, irin wadda muka sani sarai a ikkilisiyoyinmu masu kabilu goma a ƙarƙashin rufi ɗaya. Manzanni ba su ce masu ƙorafin 'yan tawaye ne ba, ba su kuma ɓata lokaci wajen neman wanda ya riƙe ludayi a ranar ba. Sun yarda akwai giɓi, suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, daga Istifanas har zuwa Nikolas mutumin Antakiya. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka ba amanar tukunya. Sakamakon kuwa, maganar Allah ta yaɗu, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya. Shugaban da ya karɓi nauyi yakan iya raba shi. Mai ture laifi kuwa yakan ƙanƙame iko, ya raba zargi kawai.

Iyayenmu a cikin bangaskiya sun san wannan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun kwanta dama, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya sake gwadawa, ciwo ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga baya 'yan ƙasa suka ga cewa ba za su zauna suna jiran Turawa su kai bishara kowane ƙauye ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda a yau aka sani da EMS, talakawa manoma suna tallafa mata da ɗan abin da suka girbe. Majami'un farko na ƙauyukanmu da gayya aka gina su, maza suna kwaɓa ƙasa, mata suna ɗebo ruwa, yara suna miƙa tubali. A wurin gayya ba a tambayar wa ya bar gona ta yi ciyawa, kowa fartanyarsa yake ɗauka. Mu da muka gaji gine-ginen siminti da lasifika, me ya sa harshenmu ya fi hannunmu aiki?

Abin da ya rage gare mu

Saboda haka, ƙaunatattu, ga abin da nake roƙo. A taron majalisa na gaba, duk wanda zai ambaci matsala, ya fara da faɗin rabon da yake hannunsa a ciki da abin da zai yi kafin taro mai zuwa, a rubuta, a kuma tambaye shi. Fasto sabon zuwa ya daina gina sunansa a kan kurakuran wanda ya gada, gama ran da ya karɓi makullin ofis ya karɓi basussukan tare da albarkun. Dattijo ya daina amincewa a cikin taro sa'an nan ya fita waje yana cewa shi bai goyi baya ba. Uban da ɗansa ya bar sujada ya tambayi kansa yaushe rabon da a buɗe Littafi a gidansa, fasto kuma ya taka zuwa gidan ya ga yaron kafin ya yi wa'azi a kan 'ya'yan zamani. Mai zama a benci wanda ya iya lissafi, ko aikin jinya, ko gyaran lantarki, ya san cewa yankin garun da ke gaban gidansa ke nan. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Lokaci ya yi da za mu dubi ƙarƙashin ƙafarmu.

Ba dabarar gudanar da mulki nake koyarwa ba. Tushen wannan magana yana kan Gicciye. A safiyar da aka yanke wa Yesu hukunci, Bilatus mai ikon sakinsa ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannunsa a gaban taro. A daren da ya gabata kuwa, Ubangiji ma ya sa ruwa a daro, amma ƙafafun almajiransa ya wanke, har da na wanda zai bashe shi da na wanda zai yi musun saninsa. Shi kaɗai ne a duk tarihi yake da ikon cewa "su ne" ya kuma zama gaskiya ɗari bisa ɗari, amma ya ɗauki zunubin da ba nasa ba ya kai shi Kalfari. Domin ya riga ya ɗauke hukuncin, ba mu da sauran dalilin ɓuya a bayan itatuwa kamar Adamu. Wanda aka gafarta masa yana da 'yancin tsayawa a gaban 'yan'uwa ya ce ga nawa rabon, ba tare da tsoron hallaka ba. Manzo Bulus ma a Galatiyawa sura 6 ya haɗa abu biyun nan wuri ɗaya, cewa mu taimaki juna da kaya masu nauyi, kowa kuma ya ɗauki nasa ƙunshin.

Daro biyu ne a gaban kowane shugaba, na Bilatus da na Almasihu. Ranar da Babban Makiyayi zai bayyana, ba zai tambaye mu abin da hedkwata ta yi ko abin da wanda muka gada ya bari ba, tumakin da ya sa a hannunmu zai ƙirga.

Ya Ubangiji, ka ba mu zuciya irin ta bawanka Nehemiya. Ka kawar da yatsanmu daga kan 'yan'uwanmu, ka sa hannunmu a kan aikin. Ka nuna wa kowannenmu yankin garun da ke gaban ƙofarsa, ka kuma ba shi ƙarfin gina shi, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.